Tsohon Injin Buga Hoto Da Fiƙihun Ciniki A Madabo

Da wuya ka shiga tsohon gida a cikin birnin Kano ka rasa wata adaka, ko kwalla, ko jakar fata da aka cusa tsofaffin hotuna a cikinta. A nan za ka ga hoton kakan gida ranar da ya dawo daga aikin Hajji, da na ɗaliban ilimi sun jeru a bayan malaminsu a ƙofar soro, da na wani falke tsaye a gindin dalar gyaɗa, da na hawan Daushe a zamanin Sarki Abdullahi Bayero ko Sarki Sanusi. Galibinsu baƙi da fari ne, girmansu bai wuce tafin hannu ba. Babu daminar da za ta wuce ba a yi asarar wasu ba. Rufin azara ya yi yoyo, gara ta shiga adaka, katanga ta faɗi, ko kuwa a raba gado a share ɗakin mamaci a kai abin da aka kira tarkace bola. Ba mai lissafin wannan asara, domin tun farko ba a taɓa ƙidaya abin da ake da shi ba.

A 'yan shekarun nan matasa masu ilimin zamani sun fara farga. Wasu na bin gidaje suna ɗaukar tsofaffin hotuna da waya suna ɗorawa a Facebook. Wasu kuma burinsu ya wuce nan, suna son a sake wanke hotunan da girma, a rataya a makarantu da ɗakunan karatu, a sayar wa iyalan da ke so. Kasuwa kuwa ba ta barci. Dillalai na tallar manyan injinan buga hoto na hannu, waɗanda ake saukewa a Legas daga Turai da Amurka a biyo da su Kano. Wani tsohon ɗalibina ɗan unguwar Madabo, wanda shi da abokansa suka daɗe suna tattara hotuna daga gidajen malamai da 'yan kasuwa, ya kawo mini irin wannan tayi. Injin Epson ne mai faɗin inci 24, kuɗinsa bai kai rabin na sabo ba, dillali kuma ya rantse cewa mai shi bai wahalar da shi ba, ajiye yake kawai. Su haɗa kuɗi su saya ko su haƙura? Da yake tambayar ta shafi mutane da yawa, na ga ya dace in kawo ta wannan shafi.

Amsata a taƙaice ita ce, kuɗin da dillali ya faɗa shi ne mafi ƙanƙantar abin da mai saye zai kashe, kuma irin wannan inji zaman banza ne ke kashe shi. Wanda ba shi da aikin da zai ba shi kowane mako, kuma ba a ba shi damar gwaji da mayarwa ba, gara ya riƙe kuɗinsa.

Ba banza ba wannan tambaya ta fito daga Madabo. Kundin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo daga Mali ƙarƙashin jagorancin Abdurrahman Zaite, kuma ana danganta Madabo da masallacinta da waɗannan malamai. Ɗaruruwan shekaru ke nan ana karatu da rubutu a wannan unguwa, har ta zama mazaunin Babban Malami. Waɗanda suka gaji wannan sun san abubuwa biyu da mai sayen injin hoto ke buƙata. Na farko sanin tawada da takarda, wacce ke daɗewa da wacce ke koɗewa. Na biyu fiƙihun ciniki, domin Madabo ta shahara da karantar da Muhtasar na Shehu Halilu, malamin Masar na ƙarni na 14, littafin da ya yi dogon bayani a kan saye da sayarwa da aibin kaya.

Mu fara da abin da ake ƙoƙarin cetowa. Duk mai binciken tarihin Kano ya san cewa kaso mai tsoka na abin da zai duba yana waje. Littattafan Malam Umaru Falke, malami ɗan kasuwa da ya rasu a 1962, waɗanda suka haura 3,000, suna Jami'ar Northwestern a Amurka. Hotunan da Eliot Elisofon ya ɗauka a Kano suna cibiyar Smithsonian a Washinton. An adana su da kyau, sai dai hoton baƙo da idon baƙo ake ɗaukarsa: ganuwa, da kasuwa, da marina, da dawaki. Abin da ke cikin adakun Madabo da Koki da Yakasai daban ne. Mutanen gari ne suka sa kayan da suka zaɓa, suka tsaya a gaban mai hoto yadda suke so a tuna da su, kuma har yanzu akwai tsofaffin da za su iya faɗin sunan kowa da ke ciki.

Ƙasar da Wangarawa suka fito ta nuna mana darajar irin waɗannan hotuna. Seydou Keïta ya buɗe shagon ɗaukar hoto a Bamako a 1948, yana ɗaukar ma'aikata da 'yan kasuwa da matan aure, yana ba su ƙananan hotuna su tafi gida. Ya adana negatif ɗinsa, a shekarun 1990 aka sake wanke su da girma a Faransa, duniya ta san shi. Malick Sidibé, shi ma na Bamako, ya karɓi lambar Zakin Zinariya a babban baje kolin fasaha na birnin Benis a Italiya a 2007. Ke nan burin matasanmu ba shirme ba ne. Hanyar ce ke buƙatar a tsaya a duba.

Abu na farko da ya kamata mai saye ya gane shi ne, ba kowane babban inji ne injin hoto ba. Waɗanda muka fi gani a Kano na buga bana da fastar 'yan siyasa ne, masu aiki da tawada mai ƙarfin wari da ke kama leda. An yi su don a hango aikinsu daga nesa a bakin titi, fuskar dattijo da za a duba daga kusa ta fi ƙarfinsu. Injin hoto tawadar ruwa yake sha, ita ma iri biyu ce. Akwai mai rini, wadda launinta ke narkewa a ruwa kamar galura. Tana da araha da ƙyalli, amma haske da zafi na koɗar da ita da wuri. Akwai kuma wadda masu sana'a ke kira figmen, inda ƙananan ƙwayoyin launi ke yawo a ruwan ba tare da sun narke ba, baƙinta kuwa sinadarin nan ne da ke cikin gawayi da baƙin tukunya. Duk wanda ya taɓa dama tawada da gawayi da ƙaro ya san hikimar: ruwa ya bushe, baƙi ya zauna, rana kuma ba ta koɗar da gawayi. Shi ya sa gwaje-gwajen cibiyar Wilhelm ta Amurka sukan ƙiyasta wa hoton baƙi da fari na irin wannan tawada fiye da shekara ɗari idan yana cikin gilashi.

Sai dai baƙi ɗaya ba ya isa. Hoton baƙi da fari kusan dukansa toka-toka ne, daga farin rawani zuwa inuwar soro, kuma a tsakanin nan kamannin mutum suke. Injin da ke da baƙar tawada guda sai ya cakuɗa shuɗi da ja da rawaya ya ƙirƙiro toka, hoton ya fito da ɗan kore ko ɗan ja, ya riƙa sauya kama daga hasken rana zuwa na fitila. A 2005 kamfanin Epson ya fito da injinan Stylus Pro 4800 da 7800 da 9800, masu faɗin inci 17 da 24 da 44, da tawadar da ya kira K3, wato baƙi uku: baƙi ƙirin, da toka, da toka mai haske. Canon da HP ma suka fito da masu tawada 12, irin su Designjet Z3100 na 2006. Waɗannan da 'yan bayansu, kamar 7880 na 2007 da 7900 na 2008, su ne ke yawo a kasuwar gwanjo yanzu. Mai karatu ya lura da shekarun. Injin da ake ce wa kamar sabo, mai yiwuwa ya girmi ɗalibin da ya shiga jami'a bana.

Ran wannan inji yana ga kan da ke fesa tawada, wanda masu gyara ke kira hed. A 7800 akwai huda 180 ga kowane launi, launi takwas, jimla 1,440, a 7900 kuwa sun kai 3,600. Kowace huda ta fi silin gashi siranta. Idan tawada ta bushe a kaɗan daga ciki sai siraran layuka su ratsa hoton, kuma a sararin sama ko santsin fuska ba sa ɓuya. Kan Epson an ƙera shi ne ya zauna tsawon ran injin, sai ƙwararre ke canza shi, kuɗinsa da na aiki kuma sau da yawa ya kai ko ya haura abin da aka sayi tsohon injin. Na Canon da HP da zafi suke aiki, suna ƙonewa da tsufa, amma mai inji na iya cirewa ya sa sabo da hannunsa, in ya samu, in kuma yana da dala. Wato mai sayen tsohon Epson kai yake saye, sauran ƙarfe da roba gyara aka yi masa.

A nan maganar dillali take juyewa. A kasuwar mota, idan aka ce mai ita bai yi tafiya da ita ba, yabo ne. A injin tawada kuwa, ajiye yake na nufin tawada ta yi watanni tana daskarewa a bututu da huda, ƙwayoyin launi sun kwanta a gindin katirij, robar da ke rufe kan ta bushe. Ƙara da makonnin da ya yi a kwantena a teku da tasha, da kwanakin bayan tirela daga Legas. Injin da ya fito daga shagon da yake aiki kullum ya fi wanda ya shekara biyu a lulluɓe lafiya, ko da na farkon ya fi tsufa a ido. Bakano ya san wannan a wurin doki. Doki na cin harawa da dawa da kanwa ko akwai hawa ko babu, yana buƙatar kilisa, in kuma aka bar shi a turke wata da watanni ƙafa ce ke fara lalacewa. Wanda ya sayi doki don hawan Sallah kaɗai ya san abin da ke fita daga aljihunsa a sauran kwanakin shekara.

Sannan ga yanayinmu. Waɗannan injina sun fi lafiya inda danshin iska yake tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. A Kano, a watannin hunturu, danshi kan sauka ƙasa da kashi 20 da rana, ga ƙura mai shiga ko ta kafar makulli, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Iskar da ke fasa leɓe da dugadugi ita ce ke busar da tawada a bakin huda. Inji na buƙatar ɗaki rufaffe da abin ƙara danshi da lulluɓi, da kuma wuta tsayayya. Babban hoto kan ɗauki mintuna da dama, idan wuta ta ɗauke a tsakiya an yi asarar takarda da tawada, kan kuma ya tsaya a fili iska na bugunsa. Dole a sa kuɗin inbata da batir ko sola a lissafi, a kuma duba bayan injin a tabbatar yana karɓar wutarmu ta bolt 230, domin wasu da aka yi wa kasuwar Amurka 120 kawai suka sani. Har girman ma abin dubawa ne. Mai inci 44 tsawonsa ya kusa mita biyu, wasu sun haura kilo 100. Wanda ya san lungunan Madabo da ƙofofin soraye zai fara da awo kafin ciniki.

Mu zo ga harawa. Injin 7800 na ɗaukar katirij takwas, manyan kowanne mililita 220, jimla 1,760. Hoto mai inci 16 da 24 ba ya shan abin da ya kai cokalin shayi biyu. Wato ciki ɗaya zai fitar da ɗaruruwan hotuna, kamfanin kuma ya ce a shanye katirij cikin wata shida bayan an buɗe shi. Mai buga hoto goma a wata ba zai taɓa cim ma wannan ba. Mafi yawan tawadarsa a wankin kai za ta tafi, domin duk sanda huda ta toshe inji na zuƙo tawada ya zubar a wani akwatin datti da ke jikinsa, shi ma in ya cika sai an sayi wani. Ko baƙi da fari kaɗai kake bugawa, inji ba zai motsa ba idan rawaya ta ƙare. A 7800 da 9800 akwai ƙarin tarko, domin baƙin takarda mai sheƙi daban ne da na mara sheƙi, sauyawa daga wannan zuwa wancan kuma na zubar da tawada mai yawa. Duk waɗannan da dala ake sayensu, kuma tun da Babban Bankin Nijeriya ya saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Takardar ma haka. Ta auduga mara asid, irin ta kamfanin Hahnemühle na Jamus da ke wannan sana'a tun 1584, daga waje take zuwa, kamar yadda takardar nan mai tambarin wata uku da malamanmu suka yi rubutu a kai take zuwa daga Italiya ta Tarabulus a bayan raƙuma.

Idan tsada ta ciji mai inji, sai ya koma ga tawadar kwalba da ba a san asalinta ba. In mai rini ce, to an sayi injin da ke iya yin hoton da zai kai jikoki an mayar da shi mai hoton 'yan shekaru. Araha ba ta ado. Ya kamata kuma a tambayi abin da injin ya sha a baya, domin tsofaffin Epson da yawa an juya su zuwa buga zanen riguna da kofuna da wata tawada daban, kuma haɗuwar tawada biyu a bututu ɗaya kan haifar da gudaji.

Kada a ɗauka tsoro nake bayarwa ba dalili. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi da abokan aikinta a tashoshin jiragen ruwa na Legas a 2015 da 2016 ya gano cewa kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki ke shigowa Nijeriya a shekara, sama da tan 15,000 daga ciki kuma matattu ne tun kafin a sauke su. Zubar da irin wannan kaya a Turai sau da yawa kuɗi ake biya, turo shi Afirka kuwa kuɗi ake karɓa. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

To ina mafita? Tana cikin littafin da ake karantawa a sorayen Madabo. Malaman Malikiyya sun hana cinikin garari, wato sayen abin da ba a san halinsa ba, abin da Bahaushe ke kira cinikin biri a sama. Sun ba mai saye haƙƙin mayar da kaya idan ya sami tsohon aibi da aka ɓoye masa, sun kuma nuna cewa faɗin ba ruwana da aibi ba ya kuɓutar da mai sayarwa daga aibin da ya sani ya yi shiru. Sun halatta ciniki da sharaɗin zaɓi, a ba mai saye lokaci ya gwada ya yi shawara, lokacin kuma ya danganta da irin kayan. Shehu Halilu ya ba gida kamar wata guda, dabba kamar kwana uku. Hikimar ita ce, kowane kaya da tsawon lokacin da aibinsa ke ɗauka kafin ya bayyana. Ba fatawa nake bayarwa ba, amma a ganina injin tawada na buƙatar aƙalla mako guda, domin kan da ya fita tsaf yau bayan an wanke shi sau biyar a ɓoye zai tona kansa ne idan ya kwana biyu ko uku ba a taɓa shi ba.

Saboda haka a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, a biya wani kaso, a riƙe saura. A nemo mai gyaran da ya taɓa buɗe irin wannan inji, a je da shi, a biya shi kuɗin ƙafarsa. Kafin kowa ya taɓa komai, a sa injin ya buga shafin gwajin huda, wanda ke cikin jerin umarnin kowane inji. Za a ga ƙananan layuka na kowane launi, duk inda aka ga giɓi huda ce ba ta fesa ba. Giɓin da ke sauya wuri bayan wanki yawanci iska ce a bututu ko robar rufi ta gaji, kuma ana gyara su. Giɓin da ya kafe a wuri ɗaya bayan wanki biyu ko uku, alama ce ta mutuwar kai, a nan sai a yi sallama da dillali. A buga shafin da ke nuna yawan aikin da inji ya yi da ragowar ƙarfin sassansa. A duba kwanan wata a jikin katirij, a tabbatar ana samun irinsa a kasuwa, domin kamfanoni kan daina yi wa tsofaffin injina tawada, wasu kuma katirij ɗin wani yanki ba ya aiki a injin wani yanki. A haɗa shi da kwamfutar da za a yi aiki da ita a ga ko manhajarsa na tafiya. Sannan a buga hoto na gaske, mai fuska da sararin sama da inuwa, a duba shi a rana, a duba shi a ɗaki. A bar inji ya huta kwana uku, a maimaita gwajin huda. Dillalin da ya ƙi waɗannan sharuɗɗa ya riga ya ba ka amsa.

Za a ce da ni, Malam ka cika tsanani, sabon inji ya fi ƙarfin matashi, in ba ta gwanjo ba ta ina zai shiga sana'a? Gaskiya ne. Ƙananan sana'o'in Kano da yawa, daga ɗinki zuwa ɗab'i, a kan injinan hannu suka tashi, kuma muna da masu gyara a Sabon Gari da titin Beirut da ke tayar da abin da Bature ya yanke wa ƙauna. Ban hana sayen na hannu ba. Amma keken ɗinki na jure ajiya, a share ƙura a sa mai ya tashi. Wannan kuwa ruwa ne a jijiyoyinsa, kuma abin da ke mutuwa a cikinsa ba a ƙera shi a maƙera.

Akwai ma tambayar da ta riga duk waɗannan: shin inji ne abin da aikin ke buƙata da farko? Ceton hoto da sikana yake farawa. Sikana mai matsakaicin kyau da faifan ajiya biyu ba su kai kuɗin cika babban inji da tawada sau ɗaya ba, ba sa kuma bushewa a hunturu. Lissafin mai sauƙi ne. Hoto mai inci 4 da 6, idan ana son ya koma 16 da 24, an ninka shi huɗu, don haka a ɗauke shi da ɗigo 1,200 a kowane inci domin a sami 300 a wurin bugawa. Sai dai takardar tsohon hoto ba ta ƙunshi bayanin da ya kai na negatif ba, in aka ja ta da yawa sai fuska ta yi hazo. Mafi yawan abin da ke adakunmu ba zai jure wuce inci 17 ba, wannan kuwa injin kan tebur irin Epson 3880 ko P800 na yin sa da baƙi uku, a katirij na mililita 80. A ajiye kwafin farko yadda yake, kada a bar manhajojin zamani su shafa masa launi ko su gyara hanci da ido, domin abin da suke fitarwa ƙiyasi ne, ba kakan kowa ba ne. A rubuta sunan waɗanda ke ciki da wuri da shekara daga bakin tsofaffi. A nemi izinin iyali kafin a baje hoto a bainar jama'a, musamman na mata, a kuma mayar wa masu shi abinsu.

Idan an tara ɗaruruwan hotuna a haka, aka ga lallai ana buƙatar manyan bugu, to hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Inji ɗaya mai lafiya da ke aiki kullum ya ishi unguwanni da yawa. Masu hoto, da ɗaliban zane da na aikin jarida, da masu ɗaukar rubuce-rubucen hannu na gidajen malamai, da iyalan da ke son hoton kakanni, idan suka haɗa aikinsu wuri guda tawada za ta ƙare kafin ta lalace, kuɗin kowane hoto kuma ya sauko. A nan nauyi ya hau kan cibiyoyinmu. Gidan Makama, da Gidan Ɗan Hausa, da Gidan Mambayya, da Jami'ar Bayero, kowanne na da dalilin mallakar irin wannan inji ya buɗe shi ga jama'a a kan kuɗi mai sauƙi, ya riƙe kwafin kowane hoto da izinin masu shi. Akwai kuma shirin ceto taskokin tarihi na Ɗakin Karatu na Birtaniya, wanda ya fara a 2004, yana ba da kuɗin ɗaukar kwafin irin waɗannan kaya a bar na asali a ƙasarsu, kuma an yi ayyukansa a Arewacin Nijeriya. Neman wannan tallafi aikinmu ne mu malaman jami'a.

Littattafan da suka iso mu daga soraye irin na Madabo sun iso ne domin a kowane zamani an sami masu zama su kwafa, da tawadar da suka san ba ta koɗewa, a kan takardar da suka gwada, su kuma rubuta sunan mai littafi da na mai kwafi a ƙarshe. Hotunan ma abin da suke buƙata ke nan. Injin da dillali ke talla yau, ko an saya ko ba a saya ba, wani zai biyo bayansa a kwantena ta gaba, wataƙila ma ya fi shi lafiya. Tsohuwar da ta san sunan mutum na uku daga hagu a hoton ɗaurin auren da aka yi kafin mulkin kai ita ce ba ta da madadi. A fara da ita, da sikana da littafin rubutu, kafin ruwan farko ya sauka. Inji ya jira har aiki ya taru, in ya zo kuma a karɓe shi da shaidu da sharaɗin mayarwa.